Kifi-zaki dafi gare shi, ba guba ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ɗan labarin da kuka buga a shafin ƙetare game da kifin nan mai ratsin ja da fari da ya addabi tekun Karibiyan, wanda Turawa ke kira layonfish, ni kuma zan kira shi kifi-zaki. Na ji daɗi ƙwarai da jaridar Hausa ta waiwayi wannan batu. Sai dai a ƙarƙashin hoton kun rubuta cewa kifi ne mai guba wanda ba a ci. Malam Edita, wannan kuskure ne, kuma ita ce ainihin maganar da ta yi shekaru tana ɗaure hannun masuntan wancan yanki, kifin kuwa yana ta cinye musu arziki suna kallo. Hausa ta riga ta raba mana abubuwan nan biyu. Guba ita ake ci ko a sha ta yi illa. Dafi kuwa sai an soke ka ko an sare ka ko an harbe ka, kamar na maciji da kunama da kibiya. Kifi-zaki a ƙayoyinsa dafin yake. Namansa fari ne fat, mai laushi, ba ƙarni, kuma na ci shi ya fi a ƙirga.

Ni haifaffen Yawuri ne, mahaifina masunci ne a kogin Kwara, a cikin taru da koma da kwalekwale na tashi kafin boko ya kai ni aikin jinya. A cikin aikin ne aka zaɓe ni a shirin nan na Gwamnatin Tarayya da aka kafa a 1987, wanda ke tura ma'aikata su taimaka wa ƙasashen Afirka da Karibiyan da Fasifik. Ni Beliz aka kai ni, wata 'yar ƙasa da ke maƙale tsakanin Meziko da Gwatamala, mutanenta duka ba su kai rabin miliyan ba. Shekara biyu na yi a garin Dangriga da ke bakin teku, garin 'yan ƙabilar Garifuna, baƙaƙen fata masu jinin Afirka, masu kiɗan ganga da dakan ayaba a turmi. Lokacin da na isa, kifi-zaki bai fi shekara huɗu ko biyar da bayyana a ruwansu ba, don a ƙarshen 2008 aka fara tabbatar da ganinsa.

A ɗakin karɓar gaggawa muka fara haɗuwa da shi. Wata rana da la'asar aka shigo da wani dattijon masunci, ya riƙe hannun damansa da na hagu, gumi na zuba masa kamar wanda aka watsa wa ruwa. Bayan hannun ya kumbura suntum, ga ɗigo biyu ja a gindin babban yatsa. Mutum ne da ya yi shekara sama da talatin yana nutso, amma haƙoransa har kaɗawa suke yi don azaba. Ya sa hannu ne a ƙarƙashin dutse zai jawo lobsta, wato wani babban jatan landen teku da suke sayarwa da tsada, ashe kifin na laɓe a wurin. Ni har na nufi wajen ƙanƙara, sai sistar da muke aiki tare, 'yar garin, ta ce in dakata. Ta ɗora buta, ta sirka ruwan da na sanyi, ta gwada da gwiwar hannunta, ta ce ya tsoma hannun ciki. Ruwan ya yi zafi iyakar yadda fata za ta jure ba tare da ƙuna ba, kamar digiri 45, in ya huce a ƙara. Kafin rabin awa dattijon ya daina nishi, ya jingina da bango ya lumshe ido. Muka duba ko ƙaya ta karye a ciki, muka wanke, muka yi masa allurar tetanus, muka ba shi maganin ciwo, ya tafi gida da ƙafarsa. Sista ta yi min bayani cewa zafi yana karya lagon dafin. A nan take ƙurungu ya faɗo min a rai. Duk yaron bakin kogi ya san sukan ƙayar ƙurungu, ya san yadda take hana barci, kuma ya san ba a taɓa fasa cin ƙurungu saboda ƙayarsa ba. A karya ƙaya a jefa a tukunya.

Asalin kifi-zaki tekun Indiya ne da Fasifik da Bahar Maliya. A can ba ya damun kowa, domin ƙananan kifaye sun san shi, suna guje masa, ba ya kuma yin yawa. Kyansa ne ya jawo masifar. Fikafikansa a baje suke kamar mafici, ga ƙayoyi dogaye a gadon baya, sai aka riƙa kai shi Amurka ana sayar wa masu kiwon kifin ado a akwatin gilashi. In ya girma ya fara haɗiye sauran kifayen akwatin, sai mai shi ya ji tausayin kashe shi, ya kai shi teku ya saka. Wannan shi ne bayanin da masana suka fi karkata a kai. A 1985 aka fara ganinsa a gaɓar Fulorida. Ya yi shekaru shiru, sannan ya bazu: Bahamas a 2004, Kyuba, Jamaika, Beliz, Honduras, har ya gangara Burazil.

Dalilin saurin nan yana jikinsa. Cikin shekara guda yake balaga. Macen tana zuba ƙwai duk bayan 'yan kwanaki, rani da damina, har ta kai miliyan biyu a shekara. Ƙwan a dunƙule yake cikin wani abu mai yauƙi, yana yawo a saman ruwa, igiyar teku kuma ta kwashi 'ya'yan kusan wata guda ta kai su tsibirin da ba su taɓa zuwa ba. Ƙayoyinsa masu dafi goma sha takwas ne, sha uku a baya, biyar a ƙasa, shi ya sa manyan kifaye ba sa kusantarsa. Cikinsa kuma yana buɗewa ninki talatin. Wani yaro mai kai baƙi nutso ya taɓa farke cikin guda ɗaya a gabana a kan katakon mashigin jirage, ya jera abin da ke ciki da bakin wuƙa: 'yan kifaye ƙanana kamar yatsa, wasu ko narkewa ba su fara ba, da jatan lande biyu. Ya ce abin da ya fi ba shi haushi shi ne ƙananan ba sa gudu. Ba su san shi ba, ba su ɗauke shi maƙiyi ba, yana matsowa a hankali ya baje fikafikai ya rutsa su a lungu ya zuƙe. A Bahamas, masu bincike daga Jami'ar Jihar Oregon sun gwada a kan ƙananan duwatsun murjani, suka ga kifi-zaki guda ɗaya ya rage 'ya'yan kifin wurin da kashi 79 cikin ɗari a mako biyar kacal.

Mai karatu zai ce to me ya dame mu da 'yan kifaye kamar yatsa. Sai an san mene ne dutsen murjani. Murjanin nan da matanmu ke sawa a wuya ɗan'uwansa ne. Wasu ƙananan halittu ne masu rai ke gina shi a hankali, shekara ɗaruruwa, har ya zama katanga a ƙarƙashin ruwa mai cike da koguna da ramuka. Na Beliz ya kai tsawon kilomita 300, yanki ne na katangar da ta taso daga Meziko ta dangana da Honduras, kuma tun 1996 hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya. Shi ke tare haukan teku idan guguwa ta taso, a cikinsa kifi da lobsta ke hayayyafa, shi kuma baƙi ke biyan kuɗin jirgi su zo gani. Babban abokin gabarsa gansakuka ce, wadda ke rufe shi ta shaƙe shi. Masu share gansakukar kifaye ne, musamman wani mai baki kamar na aku, wanda ke wuni yana kiwo a kan dutsen. Saboda muhimmancinsa ne Beliz ta hana kama shi tun 2009. To ga doka ta hana mutum, ga baƙo yana cin 'ya'yansa ba mai ce masa kanzil. Akwai kuma wani ɗan kifi da ba a samunsa ko'ina sai a wani ɗan yanki na ruwan Beliz, wanda bincike ya nuna shi ne kusan rabin abin da ake tararwa a cikin kifi-zakin wurin.

Ba wanda ya isa ya zuba magani a teku, ba a kuma jan taru a kan murjani, ga shi ba kasafai yake cin ƙugiya ba. Abin da ya rage shi ne mutum ya nutsa da mashi ya soke su ɗaya bayan ɗaya. Mashin sanda ce siririya mai baki uku, da danƙo a gindinta, ka ja ka saki. Wanda aka soke sai a cusa shi a wani bututun roba mai kauri da aka yi wa baki kamar mazurari, a zare mashin, kifin ya zauna ciki, hannu bai taɓa shi ba. Aiki ne na mutane da yawa, kullum. Gwamnati ba ta da waɗannan mutane. Masunta ke da su, da masu kai baƙi nutso.

A nan ne kalmar guba ta yi ɓarnarta. Masunci ba zai ɓata numfashinsa a kan abin da ba zai ci ba kuma ba zai sayar ba. A Beliz doka ta hana su nutso da tukunyar iska, da numfashin ƙirjinsa mutum yake sauka ya dawo, saboda haka kowane nutso yana da lissafi. Dattijon da muka yi wa jinya, da ya dawo a duba hannun, na tambaye shi ko zai ci kifin da ya soke shi. Ya kalle ni kamar na zage shi, ya ce abin da ya yi wa hannu haka, me zai yi wa hanji? Haka yawancin mutane suka ɗauka, har da masu sayar da abinci.

Abin da ya juya lamarin kuwa almakashi ne da kaskon suya. Ma'aikatan hukumar kamun kifi da ƙungiyoyin kare teku suka riƙa bin garuruwan masunta, su kafa tebur a bakin ruwa, su ɗauko kifin a gaban jama'a. Na tsaya a irin wannan taro sau ɗaya. Matar da ke nunawa ta sa safar hannu mai kauri, ta riƙe kifin ta kai, ta bi ƙayoyin baya da almakashi ƙas-ƙas-ƙas, ta juya shi ta cire na ƙasa, ta tattara su a gwangwani don kada yaro ya taka. Daga nan kifi ne kamar kowane kifi. Ta fere, ta barbaɗa gishiri da lemon tsami, ta soya, ita ta fara ci. Jama'a suka yi cirko-cirko, sai wani yaro ya miƙa hannu, sai uwarsa, kafin a ankara faranti ya ƙare. Bayan wasu watanni dattijon nan ya gayyace ni gidansa cin hudut, abincin Garifuna na ayaba dakakkiya kamar sakwara da miyar kifi da madarar kwakwa. Sai da muka cinye ya nuna min tabon hannunsa, ya nuna kwanon, ya ce wanda ya yi wannan shi ne a cikin wannan. Matarsa ce ta fara sayowa, shi kuma ya biyo. Ni tun farko ban yi ɗar ba ta fuskar addini, don a mazhabarmu ta Malikiyya abin da ke rayuwa a ruwa halal ne, balle kifi mai ɓawo.

Kowace ƙasa da dabararta. A Bahamas aka fara gasar kamun kifi-zaki a 2009 a tsibirin Green Turtle Cay, tare da REEF, wata ƙungiyar kare teku ta Fulorida, inda aka fito da 1,408 a wuni ɗaya. Yanzu irin wannan gasa ta zama ruwan dare, har a Placencia da ke kudu da inda na zauna: a ba da kyauta ga wanda ya fi kamu, da mai mafi girma, da mai mafi ƙanƙanta, a auna, masu bincike su duba ciki, sauran a soye wa jama'a. Kyautar mafi ƙanƙanta ta burge ni, domin tana sa a kashe shi kafin ya fara haihuwa. A Kolambiya har limaman cocin Katolika aka sa a ciki, suka riƙa kwaɗaita wa mabiyansu cin sa ranar Juma'a da lokacin azuminsu, tunda a ranakun kifi suke ci maimakon nama. A Beliz kuma matan masunta sun kafa ƙungiya mai suna Belioness, suna karɓar fikafikai da jelar da ake zubarwa, su busar, su gyara, su yi 'yan kunne da sarƙa su sayar wa baƙi. Kuɗin ba yawa gare shi ba, amma yana ƙara wa kowane kifi daraja, yana kuma shiga hannun mace kai tsaye.

Ba zan ɓoye inda gizo ke saƙa ba. Kasuwar kifi-zaki har yanzu tana tangal-tangal. Masuntan Sarteneja da ke arewa suna fita da jirgin filafilai su yi mako guda ko fiye a teku, kowa da ɗan kwalekwalensa, akwatin ƙanƙara kuma ɗaya ne. Wurin da kifi-zaki zai cike, lobsta zai iya cikewa da kuɗi ninkin-ba-ninki. Kifin ba babba ba ne, in an cire kai da ƙaya da ƙashi naman bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba. Mai gidan abinci yana so a kawo masa kullum kafin ya rubuta shi a jerin abincinsa, masunci kuma yana so a tabbatar masa da mai saye kafin ya ɓata nutsonsa, sai kowa ya zauna jiran kowa. Ina ganin duk mai son taimaka wa wannan aiki, kan firji da ƙanƙara da farashi ya kamata ya kashe kuɗinsa kafin fosta da riguna.

Bayan haka, kifin yana zama har zurfin mita 300, inda mai nutso ba ya kaiwa, kuma daga can yake ta aiko da ƙwai. Ana gwada tarkuna na musamman saboda wannan. Inda aka saba farautarsa kuma ya koyi wayo, yana shigewa rami da rana. A wasu tsibirai an gwada miƙa wa kifin shak da wasu manyan kifaye wanda aka soke, wai don su koyi farautarsa da kansu. Abin da suka koya shi ne mutum mai mashi yana ɗauke da abinci, suka fara bin masu nutso. Yanzu hana wannan ake yi, kuma daidai ne. Sannan, don in yi adalci ga kalmarku, akwai wata guba ta gaske mai suna sigwatera da ke taruwa a naman kifayen murjani masu cin 'yan'uwansu a wasu yankunan Karibiyan. Ba ta kifi-zaki kaɗai ba ce, daga wata ƙwayar tsiro take tasowa, kuma dahuwa ba ta kashe ta. Masuntan kowane wuri sun san ruwan da ake gudu, dokar da ake bi kan sauran kifaye ita ake bi a kansa.

Ba mai hankalin da ke cewa za a ƙarar da shi daga Karibiyan. Amma binciken da aka buga a 2014, shi ma a Bahamas aka yi, ya nuna ba sai an ƙarar ba. A duwatsun da aka riƙa rage shi da kashi 75 zuwa 95 cikin ɗari, kifayen asali sun ƙaru da kashi 50 zuwa 70 cikin wata goma sha takwas. Manomi ya fi kowa gane wannan. Ba ka taɓa ƙarar da ciyawa daga duniya, gonarka kake nomewa, ka dawo ka yi maimai, har gero ya fi ƙarfinta. Shi ya sa a wurina gasar shekara-shekara, duk da armashinta, ba ta kai darajar yaron nan mai kai baƙi nutso da ke sauka da mashinsa kowace safiya a dutse guda ba, ko matar dattijon da ke tambayar kifi-zaki a bakin jirgi duk ranar da za ta yi hudut.

Wani abu da na gani a Beliz ya tsaya min a rai. A kogunansu da tafkin Crooked Tree, kifin da ya cika ruwa yanzu karfasa ce, ita dai karfasar da mahaifina ke kamawa a Yawuri. Don kiwo aka kai ta, ta kuɓuce daga tafkunan kiwo ta shiga kogi, tana gogayya da kifayensu na asali. Giwan ruwanmu ma da aka zuba a tafkin Biktoriya a shekarun 1950 haka ya yi wa ƙananan kifayen can. A gidansa kowane kifi lafiya lau yake zaune. Yanzu da kiwon kifi da sayar da na ado ke yawaita a garuruwanmu, ina roƙon duk wanda ya gaji da baƙon kifi kada ya kai shi kogi ko dam ko kududdufi da sunan tausayi.

Kuma kifi-zaki ba nesa yake da mutanenmu kamar yadda ake zato ba. Ya bi ta mashigin Suwez ya shiga tekun Bahar Rum, an gan shi a Labanan a 2012, ya kuma cika gaɓar Saifurus, inda ɗalibanmu da yawa ke karatu suna kuma zuwa wanka a teku. 'Yan'uwanmu mazauna Jidda da Port Sudan kuwa a bakin gidansa na asali suke. Saboda haka ina roƙonka, Malam Edita, ku gyara kalmar nan a fitowa ta gaba, ku ce dafi. Ku kuma ƙara wa masu karatu cewa wanda kifin ya soka ya fita daga ruwa nan da nan, ya cire zobe kafin yatsa ya kumbura, ya tsoma wurin a ruwan zafin da zai iya jurewa na minti talatin zuwa awa ɗaya da rabi. Kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya. Daga nan a wuce asibiti a duba ko ƙaya ta karye a ciki, musamman in numfashi ya fara yi masa wuya ko kumburin yana hawa.

Na gode da ba ni fili. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naku,
Ma'aikacin jinya mai ritaya,
Yawuri, Jihar Kebbi.